Malam Edita, Koriya Ba Hasumiya Da Kasuwar Man Shafawa Kaɗai Ba Ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne saboda rubutun da kuka fitar kwanakin baya a shafin yawon buɗe ido a kan Koriya ta Kudu, gaskiya na ji daɗinsa domin ba kasafai jaridunmu na Hausa ke waiwayar wannan ƙasa ba sai in maƙwabciyarta ta Arewa ta harba makami mai linzami, to amma akwai abin da ya tsaya min a rai shi ya sa na ce bari in ɗan tofa albarkacin bakina. Duk wuraren da aka lissafa ba su wuce hasumiyar Namsan inda masoya ke rataye kwaɗo ba, sai tsibirin Nami, sai titin Myeongdong inda ake sayar da man shafawa da kayan kwalliya. Wuraren nan ba laifi, suna da kyau kuma mutane na cika su, amma wallahi wanda ya kashe kuɗin jirgi tun daga nan ya je ya ga waɗannan kaɗai ya dawo, bai ga Koriya ba. Ni na zauna a ƙasar na yi karatu, kuma abin da ya fi kama ni a can shi ne yadda ƙasar da aka ƙone mata fadoji, aka mulke ta shekara 35, yaƙi ya ragargaza ta aka raba ta gida biyu, ta tashi ta bi kayan tarihinta ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su yadda suke. Wannan shi ne abin kallo, kuma shi ne rubutunku bai taɓo ba.

A fara da fadar Gyeongbokgung da ke tsakiyar Seoul babban birnin ƙasar, wadda duk mai kallon finafinan tarihin Koriya da matasanmu da matan gida suka ɗauka da zafi yanzu ya san irin gininta ko da bai san sunanta ba. An gina ta a 1395, shekara uku bayan kafa daular Joseon. A 1592 lokacin da Japan ta kawo mamaya fadar ta ƙone ƙurmus, haka ta zauna kango sama da shekara 270 sai a 1867 aka sake gina ta. Da Japan ta karɓe ƙasar a 1910 sai ta rushe mafi yawan gine-ginen ciki, ta kuma dasa wani ƙaton ofishin gwamnan mulkin mallaka daidai gaban fadar yadda zai tare ta, mai tahowa daga gari ba zai hango zauren sarki ba sai ginin baƙi. Wannan ofishi sai a 1995 aka fara rushe shi, shekara 50 cif bayan samun 'yanci, kuma har yau ana kan aikin mayar da sassan fadar da aka rasa. To ka ga mutum in ya shiga bai san wannan ba ai hoto kawai zai ɗauka ya fito.

In ka isa ka yi ƙoƙari ka riski canjin dogarai a ƙofar Gwanghwamun, ana yi ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, banda Talata da fadar ke rufe. Za ka ji an buga wani ƙaton tambari, dogarai su fito cikin riguna ja da shuɗi da tutoci da bakuna da dogayen masu, fuska a murtuke ba mai ko ƙyafta ido duk da jama'a na ta haska su da waya. Kana wuce ƙofofin ciki za ka tarar da filin da ke gaban zauren sarauta, an shimfiɗe shi da duwatsu marasa santsi, ga wasu gajerun duwatsu a tsaye jere biyu kowanne da rubutu a jikinsa, nan ne kowane ma'aikacin fada ke tsayawa daidai matsayinsa, masu alƙalami a gefe guda, mayaƙa a ɗaya gefen, babu mai tsallake dutsensa. In ka duba ƙasa da kyau ma za ka ga zobban ƙarfe da aka kafa a cikin dutse inda ake ɗaure igiyar rumfa ranar taro. Kuɗin shiga won 3,000 ne a kuɗin ƙasar, amma wanda ya sa hanbok wato kayan gargajiyarsu kyauta yake shiga, shi ya sa shagunan hayar kayan suka cika unguwar, za ka ga 'yan matan Malesiya da Indonesiya sun sa shi da hijabinsu ya kuma zauna musu daram tunda dama doguwar riga ce mai faɗi har ƙasa.

A dandalin da ke gaban ƙofar akwai mutum-mutumin Sarki Sejong, shi ne ya ƙirƙiri haruffan da Koriyawa ke rubutu da su yau a 1443 aka yaɗa su a 1446, saboda ya ga talaka ba ya iya rubutun Sin mai dubban alamomi, har yau ranar 9 ga Oktoba hutu ce a ƙasar don tunawa da wannan. Gaba kaɗan ga na Yi Sun-sin, kwamandan jiragen ruwan da ya hana Japan sakat a teku a wancan yaƙi na 1592.

Ni dai a ganina fadar Changdeokgung ta fi ta farkon daɗin zagayawa, an gina ta a 1405 kuma UNESCO, wato hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1997, maginanta ba su daidaita ƙasa ba sai suka bi tudu da kwari yadda Allah ya yi wurin, a bayanta akwai lambun sarakuna mai tafkuna da tsofaffin bishiyoyi wanda sai ka yanki tikiti na daban kuma mutane ƙalilan ake bari a kowane lokaci, don haka a nema da wuri. Tsakanin fadojin biyu ne unguwar Bukchon take, mai tsofaffin gidaje masu rufin tayil baƙi. Nan ina da roƙo ga duk mai zuwa, unguwar nan ba gidan tarihi ba ce, mutane ne ke zaune a ciki da iyalansu, sun sha wahalar baƙi masu hayaniya da leƙe-leƙe da zama a bakin ƙofar mutane har ta kai hukuma ta ƙayyade lokacin shiga lungunan da aka fi cika daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, da tara ga wanda ya saɓa. Mu da muka san darajar zaure da shigifa bai kamata a ce sai an rubuta mana allo kafin mu rage murya a ƙofar gidan wani ba.

Akwai kuma rafin Cheonggyecheon da ya ratsa tsakiyar birnin, wanda da an rufe shi da kankare an ɗora gadar sama a kai shekaru da yawa, a 2003 aka fara rushe gadar, a 2005 aka buɗe rafin, yanzu da yamma ma'aikatan ofis ke sauka su zauna a bakinsa su tsoma ƙafa a ruwa. Ita ma babbar ƙofar kudu ta birnin, Sungnyemun, wani mutum ya cinna mata wuta a Fabrairun 2008 mutane suna tsaye suna kuka, aka shafe shekara biyar ana aikinta aka sake buɗewa a 2013.

Amma Malam Edita wurin da na fi so a ce kun ambata shi ne ganuwar Hwaseong da ke garin Suwon, tafiyar kusan awa ɗaya daga Seoul a jirgin ƙasa na cikin gari. Labarinta ma kaɗai abin ji ne. Sarki Jeongjo ne ya gina ta tsakanin 1794 da 1796 don girmama mahaifinsa Yarima Sado, wanda nasa uban Sarki Yeongjo ya sa aka kulle shi cikin akwatin ajiye shinkafa a 1762 har ya mutu bayan kwana 8, shi kuma Jeongjo a lokacin yaro ne ƙarami. Da ya hau mulki sai ya ɗauke kabarin uban ya mayar kusa da Suwon, ya sa wani masani mai suna Jeong Yak-yong ya tsara ganuwa mai tsawon kusan kilomita 5.7, shi masanin har wata na'urar ɗaga duwatsu mai igiyoyi ya ƙera wadda ta rage wahala da kuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an gama sai suka rubuta komai a littafi, zanen kowace ƙofa da kowace hasumiya, yawan dutse da bulo da katako, sunayen magina da masassaƙa da kwanakin da kowa ya yi da ladan da aka biya shi. Lokacin yaƙin Koriya aka ragargaza sassa da yawa na ganuwar, to da aka tashi gyara a shekarun 1970 wannan littafin aka buɗe aka bi shi layi layi, kuma yana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta karɓe ta a 1997 duk da cewa an sake gina wasu sassan. Yau kana iya hawa kanta ka zagaye, motoci na wucewa ta ƙarƙashi, tsofaffi na motsa jiki, yara na tashin filfilo a kusa da ƙofar gabas. Duk wanda ya tashi yana ganin badalar Kano ko ganuwar Zariya ana yankarta ana gina shaguna ko ruwa na cinye ta, in ya tsaya a kan wannan ganuwa sai zuciyarsa ta yi nauyi, ni kam tawa ta yi.

Wani wurin da zai girgiza duk mai son littafi shi ne Haeinsa, a kan dutsen Gayasan can kudu. Wurin ibadar mabiya addinin Buda ne, amma abin da ake zuwa gani alluna ne na katako sama da 80,000 da aka sassaƙa musu rubutu gaba da baya a ƙarni na 13, a daidai lokacin da Mongol ke ta kai wa ƙasar hari, da su ake buga littattafan addininsu, a shafa tawada a ɗora takarda. Shekara sama da 750 ke nan katakon nan bai ruɓe ba bai lanƙwashe ba, kuma babu na'urar sanyaya ɗaki. Dabarar tana jikin ɗakunan ajiyar, tagogin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, na sama da na ƙasa ma haka, don iska ta shiga ta zagaya kafin ta fita, ƙasan ɗakin kuma an cakuɗa ta da gawayi da gishiri da farar ƙasa su shanye damshi da damina su sake shi da rani. Yawanci ta tsakanin sandunan taga za ka leƙa ka hango su jere a kan kantoci kamar ba iyaka. Hanyar zuwa da ɗan nisa, sai ka bi ta Daegu ka hau bas ka kuma taka da ƙafa, amma ta cancanci wahalar.

Daga nan sai Gyeongju, babban birnin daular Silla wadda ta yi mulki kusan shekara dubu har zuwa 935. Garin nan kana tafiya a tsakiyarsa sai ka ga tuddai masu ciyawa luf-luf manya manya kamar an jera su da hannu, ashe kaburburan sarakuna ne, an buɗe ɗaya mai suna Cheonmachong ana shiga a ga yadda aka binne mai shi, kambin zinariyar da aka tono a ciki kuma yana gidan tarihin garin. Kusa da su akwai Cheomseongdae, hasumiyar duban taurari ta dutse da aka gina zamanin Sarauniya Seondeok a ƙarni na 7, tana nan tsaye. Abin da na tabbata masu karatunmu za su so ji shi ne malaman labarin ƙasa na Musulunci sun san wannan daula tun da daɗewa, Ibn Khurdadhbih a ƙarni na 9 ya ambaci ƙasar Sila ya ce tana da zinariya da yawa kuma Musulmin da suka je sukan zauna saboda kyawunta, shi ma Al-Idrisi ya sa ta a taswirarsa ta 1154. Wato tun kafin Turawa su san da ita 'yan kasuwar Musulmi sun ji labarinta.

A wajen garin kuma akwai Bulguksa da kogon Seokguram waɗanda aka fara ginawa a 751, suna cikin wuraren farko da UNESCO ta karɓa daga Koriya a 1995. Gara in faɗa a fili tunda na san wasu za su tambaya, waɗannan wuraren ibadar Buda ne kuma akwai gumaka a ciki, na Seokguram ma babban mutum-mutumi ne na dutse a bayan gilashi kuma an hana ɗaukar hoto. Babu mai tilasta maka rusuna ko yin wani abu, kana iya tsayawa a fili ka kalli matakalan dutse da hasumiyoyin da aka jera ba tare da siminti ba ka fito, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, garin na da abin kallo ko ba su. Abin da dai ba shi da kyau shi ne ka shiga kana dariya ko surutu alhali wasu na ibadarsu.

Rubutunku bai ce uffan a kan iyakar Arewa da Kudu ba, alhali tana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa. Yaƙin ya ɓarke a 1950, aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yulin 1953, kuma har yau ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. Aka bar wani yanki mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4 tsakaninsu. Ba a shiga sai da fasfo a hannu kuma cikin ayarin da aka amince da shi, soja zai hau motar ya duba kowa. Akwai wani rami da aka gano a 1978 wanda Arewa ta haƙa ta ƙarƙashin iyaka, shi ne na uku da aka gano, za a ba ka hular kwano ka gangara can ƙasa sama da mita 70, rufin gajere ne dogon mutum sai ya duƙa, hawowa kuwa sai mai ƙarfin gwiwa, mai ciwon zuciya ko asma kada ya gwada. Amma ni ba ramin ne ya taɓa ni ba, Imjingak ne. Akwai wani kan jirgin ƙasa da ya yi tsatsa jikinsa duk hujin harsashi, ga shingen waya da aka ɗaure masa ƙyallaye kala kala kowanne da saƙo zuwa ga ɗan uwa da ke can tsallake, ga wani dandali da tsofaffin da aka raba da iyayensu ke zuwa lokacin bukukuwansu su fuskanci arewa su yi gaisuwa, wasu tun suna yara rabonsu da uwa da uba kuma ba su san ko da ranar mutuwarsu ba. Mutum in ya ga dattijo mai shekara 80 da ɗoriya a tsaye a wurin nan ba zai ƙara ɗaukar labarin Koriya biyu a matsayin labarin makamai kawai ba.

Kuma tunda kun kawo tsibirin Nami, ya kamata a san cewa garin Chuncheon da ke kusa da shi akwai gidan tunawa da sojojin Habasha, domin Sarki Haile Selassie ya tura bataliyar Kagnew ta yi yaƙi a ɓangaren Kudu. Ɗan Afirka in ya je Nami ya ɗauki hoto a tsakanin bishiyoyi, ya ƙara 'yan mintuna ya leƙa can ma.

Busan kuwa jirgin KTX mai gudu zai kai ka cikin kusan awa biyu da rabi daga Seoul. Kowa zai ce maka bakin tekun Haeundae, to ka je, amma kada ka bar kasuwar kifi ta Jagalchi inda mata ne ke riƙe da harkar, sanye da takalman roba da safar hannu suna ta kiran ciniki, ka zaɓi kifinka da ransa a ƙasa a haura da shi sama a gasa maka, ga Musulmi ma nan ne wurin da zai ci ya ƙoshi hankali kwance. Unguwar Gamcheon da ake ta yaɗa hotunanta, mai gidaje kala kala a jikin tudu, asalinta matsugunin talakawa da 'yan gudun hijira ne na bayan yaƙi, don Busan ce ta zama hedikwatar gwamnati ta wucin gadi lokacin da Seoul ta faɗi, sai a 2009 aka fara yi mata fenti da zane. A garin kuma akwai maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya, irinta kaɗai a duniya, inda ɗaruruwan sojojin Turkiyya ke kwance, Musulmi ya je ya yi musu addu'a.

Wajen kyawun ƙasa da halittar Ubangiji, in dai son samu ne a je cikin Oktoba a nufi dutsen Seoraksan da ke kusa da Sokcho, lokacin ganyaye ke juyewa ja da ruwan ɗorawa dutse gaba ɗaya, Koriyawa kuwa masu son hawan dutse ne na gaske, za ka ga tsohuwa da sandunanta biyu ta wuce ka fuu, in kun haɗu a sama ma ta miƙo maka lemu. Farkon Afrilu kuma lokacin furen ceri ne, garin Jinhae ya fi shahara da shi. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya ga zafi mai damshi, Disamba zuwa Fabrairu kuwa sanyi ne da ke sauka ƙasa da sifili sosai, wanda zai je a lokacin ya tanadi kaya na gaske ba irin rigar sanyinmu ta hunturu ba.

Sai tsibirin Jeju mai dutsen Hallasan, wanda ya fi kowane tsawo a Koriya ta Kudu da mita 1,947, tsohon dutse ne mai aman wuta, UNESCO ta karɓi wuraren a 2007. Ga Seongsan Ilchulbong da ake hawa da asuba don ganin fitowar rana, ga kogunan dutse da narkakkiyar wuta ta bari a ƙarƙashin ƙasa. Amma abin da ba zan manta ba matan nan ne masu nutso da ake kira haenyeo, yawancinsu tsofaffi ne sun haura 60 wasu 70, suna nutsewa har kusan mita 10 ba tukunyar iska, da numfashinsu kawai, su ɗebo dodon koɗi da sauran kayan teku su zuba a ragar da ke ɗaure jikin wani balo ruwan lemu da ke yawo a saman ruwa, duk wadda ta taso sai ka ji ta saki wani siririn fito tana fitar da numfashi. Da wannan sana'a suka ciyar da gidaje suka kai yara makaranta, a 2016 UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya, kuma yawansu sai raguwa yake don 'yan mata ba sa gado. Shi ma tsibirin yana da nasa tabon, daga 1948 zuwa 1954 an kashe dubun dubatar mutanensa a rikicin da suke kira na 3 ga Afrilu, akwai wurin tunawa da su da sunayensu a jere.

A nan zan ja kunnen masu karatu, za ku ga ana ta yaɗawa a Facebook cewa Jeju ba a buƙatar biza. Gaskiya ne ga ƙasashe da yawa, amma Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan suna cikin waɗanda aka cire daga wannan sauƙi, don haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka da wannan zance. A nemi biza ta ofishin jakadanci kai tsaye, kuma wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ya fito kan lokaci, masu maƙalewa su ne ke ƙara tsaurara wa na baya.

Saura maganar ci da salla wadda ita ce tambayar farko da duk wani namu zai yi, kuma rubutunku ya tsallake ta gaba ɗaya. Naman alade ya yi yawa a abincinsu, kuma ba sai ka gan shi da ido ba, yana shiga romo, yana shiga cikin ɗan wake irin nasu da ake cusa wa nama, har naɗin shinkafar nan kimbap yawanci da yankansa a ciki, wasu miyar kuma ana ɗiga musu giyar girki, saboda haka a riƙa tambaya, a sa a rubuta maka a waya da harshensu ka riƙa nunawa. Kifi da kayan teku da bibimbap wato shinkafa da ganyayyaki in ka ce a cire nama su ne mafita, garin Jeonju da ke da babbar unguwar gidajen gargajiya shi ya fi suna da shi. Babban masallacin Seoul yana unguwar Itaewon a kan tudu, an buɗe shi a 1976, gwamnatin ƙasar ce ta ba da fili ƙasashen Musulmi suka taimaka da kuɗi, kuma Musuluncin Koriya na wannan zamani ta hannun limaman sojojin Turkiyya da suka zo yaƙi ya kafu. Layin da ya hau zuwa masallacin cike yake da gidajen abincin halal da shagunan nama, ranar Juma'a za ka haɗu da mutanen Pakistan da Uzbekistan da Indonesiya da 'yan Afirka da Koriyawan da suka musulunta, ba mamaki ma ka ji ana Hausa. Busan ma akwai masallacin Al-Fatah, filin jirgin Incheon na da ɗakunan salla, amma in ka fita ƙauyuka sai ka riƙe dardumarka a jaka. Ka sayi katin T-money tun daga filin jirgi don bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sauke Naver Map ko KakaoMap a waya don su suka fi sanin lungunan ƙasar, kuma ka guji tafiya gari zuwa gari a lokacin bikin Chuseok da na sabuwar shekararsu Seollal, tikiti ƙarewa yake tun da wuri.

Roƙona Malam Edita shi ne ku ƙara fitar da kashi na biyu, ku ba Suwon da Haeinsa da Gyeongju da Imjingak fili da hotuna, ku kuma sa bayanin biza da abinci da masallatai a gefe. Ba sai kun tura wakili can ba ma, akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja tun 2010, ga kuma ɗalibanmu da dama da suka yi karatu a can suka dawo, kowanne in kun neme shi zai ba ku abin da zai cika shafi.

Na gode da ba ni wannan fili, Allah ya ɗaukaka jarida.

Naku mai karatu a kullum,
daga Zariya